Ta yaya zan gane ko bayanin kayan aikin da na rubuta wa wakilin AI yana da inganci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wani wakili na ƙirƙirarriyar basira da ke kula da kalandar taruka da saƙonnin imel. Na ba shi kayan aiki 14, wato ayyukan da zai iya kira irin su soke taro ko aika imel, kowanne na rubuta masa bayaninsa. Na karanta, abokin aikina ma ya karanta, ba mu ga wani aibu ba. Amma sai wakilin ya riƙa ɗaukar wannan a madadin wancan, har ya taɓa soke taron da aka ce ya ɗage. Akwai hanyar da ake auna ingancin irin wannan bayani, ko kuwa samfurin da nake amfani da shi ne ba shi da ƙwari?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ɗan dakata da ɗora wa samfurin, wato ƙwaƙwalwar AI da wakilin ke tunani da ita, laifi tukuna, domin a mafi yawan irin wannan ƙorafi da nake gani, in aka bi sawu sai a tarar tun daga bayanin aka yi ɓatan kai. Sannan karantawar da kai da abokin aikinka kuka yi ba za ta iya zama shaida ba, kuma ga dalili.

Wakilin ba ya ganin kod ɗin da ka rubuta, wato umarnin kwamfuta da ke gudanar da kayan aikin. Abu uku kawai ake miƙa masa game da kowane kayan aiki: sunansa, da bayanin da ka yi da kalmomi, da tsarin guraben da zai cike, wanda galibi ake rubutawa da JSON Schema, wata ƙa'ida ta fayyace irin abin da kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da OpenAI ta fito da tsarin kiran ayyuka a watan Yunin 2023, kuma wannan fasalin ne aka ci gaba da shi a Model Context Protocol, wato MCP, ƙa'idar jona kayan aiki da wakilai, wadda Anthropic ta fitar a Nuwamban 2024. Kai kuwa da ka gina kayan, duk giɓin da ke cikin bayanin kanka ne ke cike shi ba tare da ka sani ba. Ka karanta "yana sabunta taro", nan take ka tuna cewa a ciki har da sauya rana, domin kai ka rubuta shi. Samfurin bai san da wannan ba. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma wakilinka a kowace tattaunawa sabon baƙo ne.

Don haka gwaji mafi araha shi ne ka samu mutumin da bai taɓa ganin aikin ba, ka ba shi sunaye da bayanai da gurabe kaɗai, ka karanto masa buƙatu biyar ko goma irin na masu amfani, ka ce ya faɗa maka wane kayan zai ɗauka da abin da zai zuba a kowane gurbi. Kada ka taimaka masa ko da da gyaran murya. A jagorar OpenAI ma akwai wannan shawara, ta gwada bayani da ɗan koyon aiki. Duk tambayar da ya yi maka, jimla ce da ta kamata a ce tana cikin bayanin tun farko.

Bari mu duba matsalarka ta soke taro da kyau, domin ina da zato mai ƙarfi a kan yadda ta faru. A ce ga abin da ka rubuta:

soke_taro: Yana cire taro daga kalanda.
sauya_taro: Yana sabunta bayanan taro.
sabon_taro: Yana ƙirƙirar taro.

Kowannensu gaskiya ne, kowanne a taƙaice, mai karatu ba zai ga kuskure ba. To sai mai amfani ya ce, "Ka ɗage taron Alhamis zuwa mako mai zuwa." Babu inda ka ce sauya_taro yana taɓa rana ko lokaci. "Bayanan taro" na iya zama suna da wuri da ajanda kawai. Samfurin sai ya bi hanyar da ta fi bayyana a gabansa: ya cire na Alhamis, ya ƙirƙiri sabo. A idonsa aiki ya kammala. A zahiri kuwa duk waɗanda aka gayyata sun samu saƙon an soke taro, amsoshin da suka bayar sun tafi, takardun da aka liƙa wa taron sun ɓace. Ga yadda zan so in ga na farkon:

soke_taro: Yana soke taro gaba ɗaya, yana aika wa duk waɗanda aka gayyata sanarwar sokewa nan take. Ba a iya dawo da taron bayan an soke, amsoshin mahalarta da takardun da aka liƙa duk suna tafiya. A yi amfani da shi idan an fasa taron ne kwata-kwata. Idan rana ko lokaci ake son sauyawa, sauya_taro ne ya dace, kada a soke a sake ƙirƙira. Yana buƙatar lambar taro, wadda ake samu daga nemo_taro.

Ka lura da abin da ya ƙaru. An faɗi abin da zai biyo baya, an faɗi lokacin amfani, an faɗi lokacin da ba a amfani tare da nuna maƙwabcin da ya dace, an faɗi inda ake samo abin da za a cike. A cikin waɗannan huɗun, wanda mutane suka fi mantawa shi ne na ukun, kuma shi ne ya fi jawo ɓarna. Wannan ya kawo mu ga abin da nake ganin mafi yawan masu dubawa suna kuskurewa: suna auna kowane bayani shi kaɗai, su ba shi maki, su wuce na gaba. Alhali samfurin ba ya karanta su ɗaya-ɗaya, gaba ɗaya ake zube masa su ya zaɓa. Bayani yana iya yin kyau shi kaɗai, amma da an ajiye shi kusa da ɗan'uwansa sai su rikice. Kayan aiki 14 suna ba ka tagwaye 91 in ka haɗa su bibbiyu. Ba duka ne ke karo da juna ba, wataƙila biyar ko shida ne, amma waɗannan ɗin sai ka zauna ka tambayi kanka: wace buƙata ce za ta iya faɗawa tsakanin waɗannan biyun, kuma wace jimla ce ke raba gardama? In kai kanka ka kasa faɗin bambancin nemo_taro da jero_taruka a jimla guda, to gyaran bayani ba zai fisshe ka ba, haɗe su za ka yi su zama ɗaya.

(Wani ɗan abin dariya da ya shafi masu sa suna da Hausa: manyan dandamalin ba sa karɓar haruffa masu lanƙwasa a sunan kayan aiki, sai baƙaƙen Ingilishi da lambobi da ɗan layi. Ka so ka rubuta ɗage_taro, dole ya koma dage_taro, ka ga ɗagewa ta zama dagewa. A irin wannan gara ka nemi wata kalmar, ko ka tabbatar bayanin ya warware.)

Guraben ma haka. "Rana: ranar taron" ba bayani ba ne. Da wane tsari za a rubuta ta? In ISO 8601 kake so, wato tsarin shekara-wata-rana, ka faɗa, ka ba da misali guda. Da agogon wane yanki, na mai amfani ko na sabar, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta? In gurbi yana karɓar ƙimomi uku ne kacal, ka lissafa su a cikin tsarin guraben kansa yadda ba za a iya zuba wani abu daban ba, kada ka bar shi a buɗe kana roƙon samfurin da kalmomi. Akwai misali da Anthropic ta bayar a wani rubutunta na Disamban 2024 kan gina wakilai. Sun lura samfurin yana yin kuskure da gajeren adireshin fayil da zarar ya fita daga babban kundin aikin. Maimakon su tsawaita gargaɗi, sai suka sauya kayan aikin ya zama ba ya karɓar komai sai cikakken adireshi, kuskuren ya ɗauke. Saboda haka idan ka ga kana ta ƙara wa bayani "a kula" da "kada a manta", ka tsaya ka duba ko kayan ne ke da rami.

Duk wannan karatu ne, kuma karatu rabin aiki ne. Awo na gaskiya sai an saki wakilin ya yi aiki ana kallo, gani ya kori ji.

Ka tara buƙatu kamar 40 zuwa 50. Kada ka zauna ka ƙirƙiro su kana kallon bayananka, domin kalmomin bayanin za su zubo cikin tambayoyin, jarrabawar ta zama ta satar amsa. Ka ɗebo su daga ainihin abin da mutane ke rubuta wa wakilin, da kurakuran rubutunsu da guntayen jimlolinsu. In da Ingilishi ka rubuta bayanai amma da Hausa ake yi wa wakilin magana, to da Hausa za a yi jarrabawar: "a fasa", "a ɗaga", "a jinkirta", "a matsar da shi gaba", "a bar shi sai wani jiƙon". Kowace tana da inda ta dosa, kuma sau da yawa ba a sa lanƙwasa a rubutun waya.

Ka tabbatar ba masu sauƙi kaɗai ka tara ba. Wasu su zama na kai tsaye, waɗanda kayan aiki guda ne ya dace da su ƙarara. Wasu, kuma su ne suka fi daraja, su zama na kan iyaka, tsakanin tagwayen nan da ka gano. Sai ka sa waɗanda bayaninsu bai cika ba, kamar "soke taron gobe" alhali gobe taro uku ne, inda amsar da ta dace ita ce wakilin ya tambaya wanne. Sai kuma waɗanda ba su buƙatar kayan aiki ko ɗaya, ko waɗanda babu kayan da zai iya yin su. Wannan rukuni na ƙarshe mutane na raina shi, amma masu Berkeley Function Calling Leaderboard, ma'aunin da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ta fito da shi a 2024, sun ware masa sashe na musamman: shin samfuri ya san ya kame hannunsa idan babu kayan da ya dace? Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Bayanin da ya cika faɗi, irin "yana taimakawa da duk abin da ya shafi taruka", a nan asirinsa ke tonuwa, domin za ka ga ana kiransa a inda ba a gayyace shi ba.

Kafin ka gudanar da ko ɗaya, ka rubuta abin da kake sa ran gani a kowace buƙata. In ka bari sai ka ga amsa sannan ka yanke hukunci, zuciyarka za ta riƙa yi wa wakilin uzuri. Kuma abin da za ka duba shi ne halin da kalandar ta ƙare a ciki, kada ka tsaya ga abin da wakilin ya faɗa da bakinsa. Zai iya ce maka "na ɗage taron" cikin ladabi alhali sokewa ya yi. Haka ma'aunin τ-bench na kamfanin Sierra, shi ma na 2024, yake yi: a ƙarshen tattaunawa sai a gwada abin da ke cikin rumbun bayanai da abin da ya kamata ya kasance.

Daga wannan ma'aunin akwai wani darasi da nake so ka riƙe. Kada ka gudanar da buƙata sau ɗaya ka ce ta ci. Samfuri ba ya maimaita kansa daidai wa daida, yau ya dace gobe ya kauce. Masu τ-bench suna auna ko wakili zai ci aiki guda sau da yawa a jere ba tare da faɗuwa ko sau ɗaya ba. Yi lissafin da kanka: in wakili yana cin wani aiki kashi 90 cikin 100 a kowane gwaji, kuma gwaje-gwajen ba su dogara da juna ba, damar ya ci sau 8 a jere kusan kashi 43 ce kawai. Kashi 90 a takarda abin alfahari ne, amma wanda ke amfani da shi kullum yana iya cin karo da kuskuren kafin mako ya zagayo. Ni nakan maimaita kowace buƙata aƙalla sau biyar. Wannan kuma yana kare ka daga ruɗin ƙananan lambobi. In buƙatu 20 gare ka, guda ɗaya kashi 5 ce. Ka gyara bayani maki ya tashi daga 80 zuwa 85, ka yi murna, alhali buƙata ɗaya ce ta faɗo daidai bisa sa'a.

Da sakamakon ya fito, kada ka tsaya a jimillar maki. Ka zana tebur: a gefe kayan da ya kamata a kira, a sama kayan da aka kira. Duk inda lambobi suka taru a gidan da kayan gefe ya bambanta da na sama, nan ne bayanai biyu ke cin iyakar juna. Tebur ɗin nan cikin minti biyar zai nuna maka abin da karatun kwana uku bai nuna ba.

Sannan ka zauna ka karanta sawun tattaunawar da suka faɗi, daga farko har ƙarshe, kira bayan kira. Aiki ne mai gundura, ban kuma san abin da ke maye gurbinsa ba. Kowane irin kuskure yana nuna wurin da ciwon yake. In kayan da ba daidai ba aka ɗauka, iyaka ce ba ta fito ba. In kayan daidai ne amma an zuba shirme a gurbi, ko an ƙirƙiro lambar taro daga iska, bayanin gurbin ne bai faɗi tsari ko mafari ba. In kuwa wakilin yana ta maimaita kira ɗaya sau huɗu sau biyar, to ka duba abin da kayan ke mayar masa. Na taɓa ɓata yini guda ina sake fasalin wani bayani saboda wakili ya ƙi daina maimaita kira, ashe kayan ne in bai samu komai ba yake dawo da fanko, babu ko kalma. Wakilin bai san ko babu taron ba ne ko kuwa kiran ne bai shiga ba, sai ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa. Da na sa ya riƙa cewa "ba a samu taro a wannan rana ba, a gwada faɗaɗa kwanakin", magana ta ƙare. Tun daga ranar nake lissafa saƙonnin kuskure da abin da kayan ke mayarwa a cikin bayanin da ake aunawa. "Kuskure 400" ba ya koya wa wakili komai. "Ranar ƙarewa ta riga ranar farawa" yana sa ya gyara a kira na gaba.

In ka zo gyara, abu ɗaya za ka taɓa a lokaci guda, ka sake gudanar da jarrabawar duka, har da buƙatun da suka ci a baya. Gyaran soke_taro yana iya janye aiki daga wani kayan da ba ka yi zato ba. Ka kuma ware kamar kashi ɗaya cikin uku na buƙatun ka ɓoye, kada ka duba su lokacin gyara, sai a ƙarshe. In ba haka ba za ka wayi gari ka rubuta bayanin da ya haddace jarrabawarka, ya fita waje ya kasa.

Za ka ji ana maganar sa wani samfurin ya zama alƙali, a ba shi ma'auni ya ba kowane bayani maki: ya faɗi manufa, ya faɗi iyaka, ya bayyana gurabe, da sauransu. Ina amfani da wannan, musamman in kayan sun kai ɗaruruwa, domin yana saurin tsamo waɗanda aka rubuta da jimla guda ko aka bar gurabensu ba bayani. Amma shara ce ta farko, ban taɓa ɗaukar makinsa a matsayin hukunci ba. Irin waɗannan alƙalai suna da son dogon rubutu mai tsari, sai su ba bayani mai kyan gani maki mai yawa ko da bai sauya komai a aikin wakili ba. Babbar matsalar kuma ita ce alƙalin ba zai san bayani ƙarya yake yi ba sai in an nuna masa kod ɗin. Bayani ya ce "yana dawo da duk tarukan mako", kayan kuwa 50 na farko yake bayarwa ya yi shiru. Wakili zai gaya wa mutum da cikakken tabbaci cewa ba shi da taro ranar Juma'a. Wannan ya fi kowane kuskure haɗari, kuma yawanci ba da gangan ake yin sa ba: an sauya kod ne wata uku da suka wuce, ba wanda ya tuna da bayanin. Saboda haka cikin awonka dole a samu wanda zai ajiye bayani da kod gefe da gefe, jimla bayan jimla, yana tambaya ko har yanzu haka ne.

Game da tsawo, jagorar Anthropic ta ba da shawarar aƙalla jimla uku zuwa huɗu ga kowane kayan aiki, fiye da haka in mai sarƙaƙiya ne. Na yarda da wannan, gajarta ta fi yawan kashe bayani a kan tsawo. Sai dai ka tuna duk bayanan nan ana aika su ne tare da kowace buƙata, suna cin tokin, wato guntayen kalmomin da ake ƙirga rubutu da su, suna cin wurin da samfurin zai riƙe sauran zancen. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in ina shakkar wata jimla, sai in cire ta in sake gudanar da jarrabawa. In babu abin da ya motsa, ba ta dawowa. Yawan kayan ma yana da tasiri, OpenAI na ba da shawarar a yi ƙoƙarin tsayawa ƙasa da 20 a lokaci guda, don haka 14 ɗinka ba su yi yawa ba. Ka guji kuma rubuta "DOLE" da "KULLUM" da manyan baƙaƙe. Samfuran yanzu suna da jin magana, in ka daka musu tsawa sai su wuce gona da iri, su riƙa kiran kayan a inda bai kamata ba.

In akwai kayan da ba kai ka rubuta ba, ka jona su ne daga sabar MCP ta wasu, to awon yana da wata fuska. Bayanin kayan aiki umarni ne da ke shiga kunnen samfurin kai tsaye, mai amfani kuma galibi ba ya ganinsa. A watan Afrilun 2025 masu bincike na Invariant Labs sun nuna yadda za a iya cusa ɓoyayyen umarni a cikin bayanin kayan aiki mai kama da marar illa, wakili ya karanto fayilolin sirri ya miƙa su waje. Don haka ka karanta cikakken bayanin kowane baƙon kayan da idonka, ka ajiye kwafinsa, ka sa a sanar da kai in ya sauya. MCP yana da alamomin da ke nuna ko kayan karatu kawai yake yi ko yana iya ɓarna, irin readOnlyHint da destructiveHint, amma ƙa'idar da kanta ta ce kada a dogara da su in ba a amince da sabar ba. Ko a naka kayan ma, abu irin soke taro ko aika imel bai kamata a bar tsaronsa a hannun bayani kaɗai ba. A sa manhajar ta nemi amincewar mutum kafin a zartar.

Saura tambayarka ta ƙarshe, ko samfurin ne. Akwai hanyar ganewa. Ka gudanar da jarrabawar nan da wani samfurin da ya fi naka ƙarfi, ba tare da ka taɓa bayanan ba. In su biyun sun faɗi a wuri ɗaya, mai yiwuwa ne ƙwarai bayanin ne. In babban ya ci ƙaramin ya faɗi, ka gwada ƙara fayyace iyakar tukuna, domin ƙananan samfura sun fi buƙatar a yi musu gwari-gwari. Sai in ka yi hakan, baƙon mutum ma ya karanta ya gane ba tare da tambaya ba, amma har yanzu ƙaramin yana kaucewa, sannan za ka ce ƙarfinsa ne ya ƙare. Ka ajiye jarrabawar kusa, domin duk ranar da ka sauya samfuri ko aka fito da sabon zubinsa sai ka sake gudanar da ita. Amma yau ka fara da soke_taro da sauya_taro: buƙatu goma na ɗagewa da fasawa, kowace sau biyar, kafin gyara da bayan gyara, ka duba kalandar da kanka bayan kowane gwaji.